Leda Mai Koren Marfi

A gidanmu suga ba ya kwana. Tun ina 'yar firamare likita ya gaya wa Baba yana da ciwon suga, ya dawo gida ya faɗa daga bakin ƙofa yana dariya, sai ka ce labarin wani yake bayarwa. Umma ba ta yi dariya ba. Ta shiga kicin ta ɗauko gwangwanin suga ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga, daga ranar kuma ta kama aikin da ba wanda ya ɗauke ta. Takan shinshina kofin shayinsa kafin ya kai baki. Idan tsofaffin ɗalibansa suka zo gaisuwa da kwalin biskit, ta karɓa da fara'a, ta raka su har waje tana sa albarka, kwalin kuma ba mai sake jin ɗuriyarsa. Shi ya sa Baba ya sa mata suna Sufeto. Da Allah ya tashi jarraba ta, sai ya ba ni, autarta, aiki a gidan burodi. Har yau idan na dawo da yamma sai ta leƙa jakata.

"Sufeto, ki bar yarinya ta cire takalmi mana," Baba zai ce daga falo.

"Malam, ba da kai nake ba."

"To ai ni ne ɓarawon da ake nema."

Baba malamin ilimin halittu ne, a sakandare ya koyar har ya yi ritaya. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya bar shi bai yi masa bayani ba. Ka zuba gishiri a yankakken tumatir ya kawo ruwa, to ka ja wa kanka darasi. Mu 'ya'yansa mun sha, Umma kuwa tun tuni ta koyi yadda ake wanke kwano ana cewa "haka ne" ba tare da an ji komai ba.

Amma ciwon bai ji tsoron Sufeto ba. A hankali ya fara da ido, har ya zama Baba ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Bara kuma ya sauka a ƙoda. Likita ya ba mu zaɓi biyu: ko wankin ƙoda da na'ura a babban asibiti, ko wankin gida. Baba bai bari an gama maganar ba ya ce na gida.

Aka sa masa wani siririn tiyo a gefen cibiya. Daga asibiti ake kawo mana ledojin ruwa a katan-katan. Umma za ta rufe taga, ta kashe fanka, ta sa takunkumi a fuska, ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ta rataye leda mai ruwa a ƙusar da na kafa a jikin kwaba, ta ajiye wata marar komai a ƙasa cikin roba. Tsohon ruwan da ke cikinsa ya fara sauka cikin ta ƙasa, sannan sabon ya shiga. Ya zauna a cikinsa wasu awoyi, a sake. Da safe, da rana, da yamma, da kafin kwanciya. Mu biyu nas ta koya wa, amma ni na sha gyara, Umma kuwa ba a gyara mata komai ba. Kafin ta rataye leda sai ta naɗe ta a tawul ta rungume ta a jikinta, wai kada sanyi ya shigar wa Malam ciki.

Baba ya samu sabon darasi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji shi.

"Akwai wani tantani a cikin mutum, siriri ƙwarai, jini yana gudu ta bayansa," zai ce. "Jinina cike yake da dattin da ƙoda ta kasa fitarwa. Ruwan leda kuwa ba komai a cikinsa. To abu ba ya son cunkoso. Ka cika aji da yara, ka buɗe ƙofar wani ajin da ba kowa, ba sai ka kore su ba, da kansu za su riƙa tsallakawa har wuri ya daidaita. Haka dattin yake yi. Da ya daidaita kuma tafiya ta tsaya, sai a kawo sabon ruwa."

Masu dubiya su ce ikon Allah, su fara laluben takalmi.

Ledojin iri biyu ne, mai rawayan marfi da mai kore. Nas ta ce mai koren ta fi ƙarfi, ta tsara mana lokacin kowace, ta ce idan ƙafa ta fara kumbura a ƙara yawan kore. Wata da watanni komai yana tafiya daidai. Baba ya dawo da cin abincinsa, ya dawo da tsokanarsa. Ni ma na saki jiki, na bar wa Umma aikin gaba ɗaya, tunda ko na zo taimako cewa take ban wanke tsakanin yatsu ba.

Sai ƙafarsa ta fara hawa. Baƙin takalminsa sau-ciki, wanda ya yi shekaru yana shiga aji da shi, ya ƙi shiga. Ya koma silifas, silifas ɗin ma sai da na tsaga masa igiya. Idan ya kwanta numfashi ya riƙa yi masa wuya, sai an tara masa filo a kan filo. Dariyarsa ta gajarce, don tari yake biyo ta.

Ranar ganin likita nas ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa. Wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ɗora shi a sikeli, ta dubi lambar, ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Mama, ana sa mai koren yadda na ce?"

"Ana yin komai a kan lokaci," in ji Umma, tana gyara wa Baba wuyan riga.

"To, wataƙila tantanin ne ya gaji. Yakan faru. Ruwa yana taruwa a jikinsa, idan ya kai huhu ba za mu ji daɗi ba. Ku ƙara kore. Idan kuka dawo mako mai zuwa bai sauka ba, dole mu koma na'ura."

Duk mun san abin da na'ura take nufi. Asibitin da ke da ita yana wani gari mai nisa, inda yayana yake aiki. Yaya yana zaune a saman bene, ɗaki ɗaya da falo, da matarsa da yara. Za a iya matsa wa Baba wuri, amma ba za a iya matsa wa mutum biyu ba, gwiwar Umma kuma ta daɗe da sallama hawa bene. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ranar da ɗayansu ya karya kumallo ba ɗayan ba. A hanyar komawa gida Baba bai yi wa direban tasi bayanin komai ba, abin da ya fi lambar sikelin tayar mini da hankali.

Kwana biyu bayan haka ina hutu a gida, Umma ta ce idan na fita in biya asibiti in ce a ƙaro mai rawaya, ta kusa ƙarewa. Na shiga sito in duba abin da ya rage. A lungu, bayan buhun gawayi, na ga wani tebur da ban san muna da shi ba, an lulluɓe shi da tsohon labulen falo, har an ɗora masa dutsen guga. Na ɗaga labulen. Katan-katan ne na mai kore, an jera su tsaf, ko gam ɗin bakinsu ba a ɓare ba.

Ni ba ni da dogon haƙuri, a wurin aiki ma an sani. Na cika na yi fam. Na fito da niyyar in shiga kicin in faɗi duk abin da ya zo bakina, uwa ko ba uwa ba. Hanyar kicin ta baranda take bi, Baba kuma yana nan zaune da rediyonsa, ƙafafunsa a kan kujera 'yar tsugune.

"Auta," ya ce, "wannan tafiyar ta faɗa ce. Zo nan."

"Baba, ka san abin da na gani a sito?"

"Rage murya. Mai kore kika gani."

Ya laluba ya kashe rediyon, ya nuna mini wuri kusa da shi.

"Ido ne ya tafi, hannu yana nan," ya ce. "Kullum idan an gama nakan ce uwarki ta ba ni ledar da ta fito in riƙe. Da can takan fi wadda ta shiga nauyi. Yanzu abin da ya shiga shi ne yake fitowa, wani lokacin ma bai kai ba. Na zaci tantanin ne, kamar yadda nas ta ce. Sai da muka dawo daga asibiti na ji har yanzu ba canji, na kuma tuna amsar da uwarki ta bayar. An tambaye ta launi, ta amsa da lokaci. Ita ba ta iya ƙarya ba, kewaye ta iya."

"To me ya sa ba ka yi magana ba? Numfashinka fa, Baba. Za su ɗauke ka."

"Ina shirya darasi ne."

"Wane irin darasi kuma? Bari in je in tambaye ta dalili."

Ya kama hannuna. Yatsunsa ma sun kumbura, zoben azurfarsa ya nutse a ciki.

"Dalilin ai na sani, ruwan suga ne a ledar. Mai kore ta fi yawa. Ban san yadda aka yi ta gano ba, ni dai ban gaya mata ba, don na san wadda na aura. Idan kika shiga kika ɗaga mata murya, abu ɗaya za ta ji, cewa ita ce ta kusa kashe ni. Wannan maganar idan ta shige ta, babu ledar da za ta fitar da ita. Je ki kawo mini dankalin turawa biyu manya, da wuƙa, da faranti. Ki wanke fuskarki tukuna, daga nan ina jin zafinta."

Na yi yadda ya ce, ina yi ina ƙunƙuni. Ya sa na raba dankalin, na daidaita gindinsu don su zauna, na ƙwaƙule rami a tsakiyar guda uku, na goge ramukan da tsumma har suka bushe. Sannan ya ɗaga murya iyakar yadda numfashinsa ya bari.

"Sufeto, zo ki zama 'yar aji."

Umma ta fito tana goge hannu a zani. Ta dubi farantin, ta dubi dankalin.

"Malam, abincin rana ne fa kuka yanka."

"Za a biya ki. Zauna."

Ta zauna a bakin kujera, zaman wanda ya bar tukunya a wuta. Baba ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro tsohon gidan tabarau, wanda tun da idonsa ya tafi ban ga amfaninsa ba. Ya buɗe. Ƙwayoyin suga ne a ciki, farare, an jera su a inda tabarau yake kwanciya.

"Yau na kawo kaina," ya ce. "Shekaru ke nan ina ɓoye wannan. Auta ce take zuba mini idan ya ƙare, amma kada ki taɓa ta, ni na ɓata ta."

"Ni?" na ce. "Wallahi ban taɓa ganinsa ba sai yau."

Baba ya juyo da fuskarsa wajena, sannan ya mayar wajen Umma. Ita kuwa ko gezau.

"Likita ne ya ce kada ka rabu da shi, saboda ranar da suganka zai faɗi," ta ce. "Da a hannu na ba ka, da rana ɗaya ka cinye. Amma da ka ɗauka na sata ne, ga shi kana lallaɓa shi. Ranar wanki nake cika maka."

Ban taɓa ganin Baba ya rasa abin cewa ba sai ranar. Sai dariya ta kama shi, tari ya biyo ta, Umma ta tashi tana shafa masa baya tana cewa ai ga irinta nan. Ni ma dariyar ta ƙwace mini, duk da ban shirya yafe wa kowa ba.

Da ya lafa sai ya koma malami. Ya ce in bar rami na farko ba komai. Na biyu in ɗan marmasa gefen ƙwaya ɗaya a ciki. Na uku in daka ƙwaya biyu in zuba duka. Ya ce kada kowa ya kawo ruwa kusa da farantin. Umma ta tafi ta sauke tukunya, ta dawo da shayi, marar suga kamar kullum, muka zauna muna gadin dankali.

"Wannan dankalin da kuke gani," Baba ya ce, "ɗakuna ne ƙanana cunkus, ido ba ya ganinsu, su ake kira ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki da ruwa a cikinsa, kowane kuma da tantani a kewaye. Tantanin yana barin ruwa ya wuce cikin sauƙi, suga kuwa sai da ƙyar. To idan suga ya taru a waje ya fi na ciki yawa, shi ba ya iya shiga da sauri a daidaita. Sai ruwan ya fito ya same shi. Iyakar yawan sugan, iyakar ƙarfin kiran."

"Haka ne," in ji Umma.

"A'a, ba wannan 'haka ne' ɗin na wanke-wanke ba. Yau jarrabawa za ki yi, ni ba na gani. Ke ce idona."

Shayi ya huce. Mai gyaran takalmi ya wuce a titi yana buga akwatinsa, yaran maƙwabta suka dawo daga wani wuri suna faɗa a kan ƙwallo. Can Baba ya ce ta duba.

Umma ta jawo farantin ta sunkuya.

"Na farko a bushe yake."

"Na biyu fa?"

"Ya ɗan jiƙe. Ba wani abin kirki ba."

"Na uku?"

Na leƙa. Sugan ya narke, ruwa ya taru a ramin yana ƙyalli, gefen dankalin ya yi laushi.

"Ruwa ya taru," ta ce a hankali.

"Wa ya zuba?"

"Ba kowa."

Umma ba ta yi dogon karatu ba, amma ba a yi mata magana sau biyu. Ta dubi rami na biyu, ta dubi ƙafafun Baba a kan kujera 'yar tsugune. Ta ajiye farantin a ƙasa da hannu biyu.

"Auta ta shiga sito ke nan," ta ce.

Ta daɗe tana murza bakin zaninta kafin ta ci gaba, ba ta kuma kalli kowa ba.

"Wata rana ce ruwan ya ɗiga a kan tebur ban lura ba. Da na dawo sai na tarar tururuwa ta yi baƙi a wurin. Na taɓa, ya yi danƙo. Na kai harshe. Malam, zaƙi ne. Na tambayi yaron da ke kawo katan, ya karanta mini jikin ledar, ya ce suga ne, mai kore ta fi yawa. Ni duk zatona magani nake sa maka. Sugan nan shi ya cinye maka ido ina tsaye. Shi ya cinye maka ƙoda ina tsaye. Cokali ɗaya ban bari ya shiga kofinka ba, bai hana ba. Sai kuma a ce in ɗauki leda guda in ɗura maka shi da hannuna, har ina ɗumama shi a jikina? Na ce tunda dole ne, bari in riƙa sa mai ɗan kaɗan ɗin. Da ƙafar ta hau sai na ce ai sugan ne, na ƙara gudun mai koren."

Duk faɗan da na shirya ya bi iska. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Baba ya miƙa hannu yana lalube, ta kawo nata ta sa a ciki.

"Ba ki yi kuskure duka ba," ya ce. "Wani daga cikin sugan yana tsallakawa jini, gaskiya ne. Shi ya sa likita ya ƙara mini allurar ciwon suga tun da aka fara. Allurar da lissafin mai kore aka yi ta. Da kika daina sa ta sai allurar ta fi ƙarfin abin da ke jikina, sai in ji jiri, in lallaɓa in buɗe gidan tabarau."

"Shi ya sa kwanan nan yake saurin ƙarewa," ta ce. "Na zaci kwaɗayi ne ya ƙaru."

"Akwai shi ma. Amma ki ji. Shekara da shekaru yana shigowa gidan nan yana ɗauka. Wannan karon ke za ki aike shi. Ya shiga ya kira ruwan nan da ya danne mini ƙirji, ya fito da shi, ki zubar da su tare. Idan ba ki aike shi ba za su kai ni saman bene, matar ɗanki ta riƙa ba ni shayi ba wanda ya shinshina. Ni ba zan iya ba."

Umma ta zare hannunta ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce in ba ta waya. Na ce bari in yi wa nas bayani, ta ce ba ni na ɓoye katan ba. Da bakinta ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta kewaya ba. Ina jin muryar nas ƙasa-ƙasa tana cewa ita ma da ta sani da ta kira abin da sunansa tun farko, maimakon ta ce ƙarfi. Ta ce a sa mai kore yanzu, a riƙa auna sugansa da nauyinsa, a kira ta da yamma, idan numfashi ya ƙara tsanani kuma kada a jira komai.

Na tashi zan ɗauko katan, Umma ta riga ni. Ta yaye labulen, ta ɓare gam ɗin, ta ciro leda ɗaya. Ta tsaya da ita a hannu tana kallon koren marfin. Sannan ta naɗe ta a tawul ta rungume ta, ta zauna a bakin gado har ta yi ɗumi. Ta rufe taga, ta kashe fanka, ta wanke hannu har da tsakanin yatsu. Ta buɗe makullin tiyon da kanta, ba ta nemi taimako ba, ni kuma ban bayar ba. Muka tsaya muna kallon ledar tana lanƙwamewa a jikin ƙusa.

"Me kike gani?" Baba ya tambaya.

"Yana shiga."

"To ki ce masa kada ya zauna."

Da yamma aka sauke. Ledar ƙasa ta cika ta yi tim, ta wuce inda ta saba tsayawa. Umma ta ɗaga ta da hannu biyu ta ɗora masa a cinya tun kafin ya nema. Ya tallabe ta, ya ɗan ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Sufeto," ya ce, "ɗan aikenki ya dawo da kaya."

Ba rana ɗaya abin ya sauka ba. Kullum da safe Umma takan danna ƙwaurinsa da yatsa ta tsaya tana jiran wurin ya dawo. Filo ya fara raguwa a bayan Baba ɗaya bayan ɗaya. Yaya yana ta kira yana cewa ya riga ya sayi katifa, ni kuma ina ce masa ya riƙe rasit ɗin.

Ranar komawa asibiti na shigo ɗakinsu da tsagaggen silifas a hannu, tasi yana jira a waje. Na tarar Umma ta durƙusa a gaban Baba, da wannan gwiwar tata da ko tabarma ba ta yarda da ita ba. Ta ciro baƙin takalmin daga ƙarƙashin gado, ta goge shi har yana ɗaukar ido.

"Umma, bar shi, ga silifas. Za mu makara."

Ba ta ko juyo ba. Ta ɗaga ƙafarsa ta dama ta sa yatsun a ciki, ta sa ɗan yatsanta a bayan dunduniya ta tura a hankali. Ƙafar ta shige. Ta sa ta hagu, ita ma ta shige. Ta zauna a nan ƙasa riƙe da ƙafafun nasa biyu, kanta a sunkuye, kafaɗunta suna motsi. Baba ya laluba ya ɗora hannu a kanta, bai yi bayanin komai ba.

Direba ya yi ham. Na kama ta ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta gyara masa wuyan riga. Har mun kai ƙofa ta ce mu tsaya. Ta koma ta buɗe durowa ta ɗauko gidan tabarau, na ji ƙwayoyin suna motsi a ciki. Ta zura masa a aljihu ta danne bakin aljihun da tafin hannunta.

"Ɓoye abinka," ta ce. "Ni ban gani ba. Ku yi sauri ku dawo, na ɗora abincin rana na mutum uku."